Faɗi Kafin Ki Kunna

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan takardar nan ta same ka a kan bencinka, tabarau a karan hanci, kana yi wa wata tsohuwar fanka faɗa. Yaya gwiwar? Umma ta gaya mini a waya ka daina shafa maganin da na aiko, wai warinsa yana korar masu kawo gyara. Don Allah ka ci gaba da shafawa, ba inda za su je. Mu nan lafiya lau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. Maigidana yana gaishe ka.

Na san kunnenka ba ya shiri da waya tun da ƙarar janareta ta gama da shi, shi ya sa na zauna na rubuto, domin maganar da tsawo.

Bana an ba ni 'yan shekarar farko a darasin lantarki da maganaɗisu, su ɗari da arba'in. Yaran akwai kai. Ka rubuta musu lambobi a allo, kafin ka ajiye alli sun ba ka amsa. Amma ran nan a ɗakin gwaje-gwaje na miƙa wa wanda ya fi kowa maki batir ɗaya, ƙwan tocila ɗaya da waya guda, na ce ya kunna mini. Ya juya su ya fi minti goma, sannan ya ce, "Malama, ai waya ɗaya ba za ta isa ba." Kawu, ina 'yar shekara takwas ka sa na yi wannan a kan bencinka, ranar da na warware tocilarka har sunan ya bi ni. Na tattara kayan na koma ofis.

Sai na zauna na tsara tambayoyi ashirin, babu lamba ko ɗaya a ciki. Zane ne kawai da tambaya: in aka kunna, me zai faru? Kowace tambaya da zaɓi huɗu. Na ba su, yawancinsu bakwai ko takwas suka ci.

Na kai wa shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne, amma shekara ashirin da biyu shi ke koyar da darasin nan kafin a ba ni, saboda haka ka san yadda maganar ta sauka masa. Ya duba ya ce tambayoyina tarko ne kawai, ko injiniya ba zai ci su ba. Na ji haushi, bakina ya riga hankalina. Na ce masa ina da kawu mai naɗin fanka da injin ruwa, bai taɓa taka jami'a ba, kuma zai cinye su tas. Ya yi dariya ya ce to in kawo takardar kawun nawa gaban kwamiti a ƙarshen zango. Kwamitin nan ne zai yanke ko za a riƙa yi wa kowane sabon aji wannan gwaji, ko a jefa shi kwandon shara.

Ga takardar nan a ciki. Ka zagaye amsar da ka zaɓa, ka ba direban da ya kawo maka ya dawo da ita. Na riga na cika baki da kai, kuma ban ji ko ɗar ba, domin duk abin da na sani a kan wayar wuta a hannunka na fara ganinsa.

'Yarka,
Tocila

*

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Tocila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, mun karanta ni da Ummanki, ita ta fi ni jin daɗin wurin maganin gwiwa. Na koma shafawa. Telan da ke jikin shagona ya ce in dai zan ci gaba, to in riƙa rufe tagar da ke tsakaninmu. Lafiyarmu ƙalau, sai ciwon baya na Ummanki da kika sani. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa firijin da na gyara muku bara in ya sake ƙara, kada ya buge shi da hannu.

Wato ke kin kai ni gaban manya ba ki ko tambaye ni ba. Shekarata sittin da uku, rabona da jarrabawa tun ina sa gajeren wando, yau ga ni da fensir a hannu ina zagaye haruffa. Wani ya kawo injin ruwa ya tarar da ni a haka, ya tambaya ko makarantar manya na shiga.

Wasu tambayoyin naki sun ba ni dariya. Wai in aka sa maganaɗisu a cikin naɗin waya aka bar shi a tsaye, allurar mita za ta motsa? Har akwai ɗalibin jami'a da zai ce e? Ai in ba motsi, ba wuta. Da haka ne da na tara maganaɗisu a akwati na sayar da janaretana. Wasu kuma sun sa na yi ta sosa ƙeya, musamman na ƙarshe-ƙarshen nan masu kibiyoyi a sarari, babu waya babu ƙwai. Waɗannan na zaɓi abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi.

Abu ɗaya ya dame ni. Takardarki ba ta da wurin da mutum zai faɗi dalilinsa. Kin dai tuna dokar bencina: ba a taɓa makunni sai an faɗi da baki abin da zai faru, da dalilin da ya sa. Faɗi kafin ki kunna. Sau nawa kika yi mini kuka a kan wannan? A takardarki kuwa mutum zai zagaye harafi ya wuce, ba wanda ya san ko sani ne ko sa'a. Amma ke ce malama, kin fi ni sanin aikinki.

Zanen naki na bi kowane layi da yatsa, yadda nake bin waya a bangon gidan mutane. Ga ta nan na mayar. Ki gaya wa shugaban naku ina gaishe shi.

Kawunki

*

Talata, 4 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da Umma. Ka yi haƙuri da gajartar takardar nan, aiki ya sha mini kai, rahoton da zan miƙa wa kwamiti nake ta fama da shi.

Na duba takardarka tare da na aji na biyu da na gwada, ga ta nan na mayar maka. Sha ɗaya ka ci cikin ashirin. Ya fi na yawancin ɗalibaina, amma ba abin da na faɗa wa shugaban sashe ke nan ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta uku. Ka zaɓi cewa wutar da ke fita daga ƙwai ba ta kai wadda ta shiga ba, wai ƙwan ya ci wani abu a ciki. Kawu, wannan shi ne ainihin kuskuren da na tsara gwajin don in kama. A ta sha huɗu ma haka, ƙwai biyu a jere, ka ce na biyun ba zai kama ba sam. Amsar ita ce haskensu ɗaya. Tunanin nan ne dai, wai na farko ya cinye wutar.

Ina ganin ba zan kai takardarka gaban kwamiti ba. Da na sani da ban aiko maka ba.

A gaishe da Umma.

Tocila

*

Asabar, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka da gaske, ba don al'adar buɗe wasiƙa ba. Mako shida ke nan ban ga rubutunka ba. Direba ya zo sau uku, duk lokacin sai in je tasha in tsaya, ya ce mini ba saƙo. Na kira Umma, ta ce lafiyarka lau, kana cin abinci, kana fita shago tun safe. Na ce ta miƙa maka wayar ko gaisuwa ce in yi da ƙarfi, ta ce ka ce hannunka da maiƙo. Tun ina yarinya hannunka da maiƙo yake, bai taɓa hana ka ɗaukata ba.

Na yi ta tunanin abin da na yi. Sai shekaranjiya, ina duba takardun ɗalibai, na ga hannuna yana zana babban gicciye da jan biro, sai na ajiye biron. Haka na yi wa taka. Tana cikin tarin takardun aji na biyu, na ɗora mata takardar nan tawa mai huji-huji da nake ɗorawa a kan kowace, inda harafin da aka zagaye ya leƙo ta huji in ba da maki, inda bai leƙo ba in soke. Na rubuta sha ɗaya a sama na zagaye, har da ja masa layi biyu. Ban tsaya na ce wannan ta mutumin da ya riƙe ni ce, shi da matarsa Umma, tun rasuwar mahaifiyata ba. Kunya ta ishe ni, Kawu. In wannan ne, ka yafe mini.

Rahoton na miƙa shi. Kwamiti zai zauna ranar sha biyar ga watan gobe. Na kafa hujjata a kan tambaya ta uku da ta sha huɗu. A ta sha huɗun ɗalibai tara ne suka ce ƙwai na biyu zai mutu ɗungurungum, na rubuta cewa wannan ya nuna zurfin kuskuren. Ɗaya daga cikinsu, wata mai tabarau da ke zama a layin baya, ta zo ofis tana son yi mini bayani a kan zanen. Ina cikin sauri, na ce ta je ta sake karanta babin.

Shugaban sashe ya tare ni a matakala ya ce, "Ina labarin kawun namu?" Na ce kana nan lafiya, na wuce da sauri.

Ko layi biyu ne ka rubuto. Ko faɗa ne, na fi son shi da shirun nan.

'Yarka,
Tocila

*

Laraba, 7 ga Mayu

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, gwiwa ta yi sauƙi, Ummanki ma da dama. Ta ce in gaya miki ita ba ruwanta, ta yi ta yi da ni in rubuto na ƙi.

Jan biro bai dame ni ba. Malama ce ke, da me za ki duba, da gawayi? Layin ƙarshe ne ya zauna mini a ƙirji. Kin ce da kin sani da ba ki aiko mini ba. Na karanta shi ya fi sau ashirin, kullum abu ɗaya nake ji a ciki: kin ɗaga ni kin nuna wa mutane, na ba ki kunya, kin mayar da ni aljihu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Mako biyu takardar tana ƙarƙashin gwangwanin kusoshi ban ko kalle ta ba.

Ranar da na ɗauko ta, da niyyar in kama ki na ɗauko. Na ce yarinyar nan da na koya wa riƙon filaya ce za ta ce mini ƙwai ba ya cin wuta? Shekara arba'in ina sa testa, sukudireban nan mai ɗan ƙwai a ciki, a wayar shiga ta kama, in sa a wayar fita ta ƙi kamawa. Ina wutar ta tafi in ba ƙwan ya cinye ba? Haka maigidan da ya koya mini aiki ya ce, haka na gani da idona kullum.

Na haɗa ƙwai a kan benci, na ɗauko mitar nan mai baki da ake maƙala wa waya. Na bi dokata. Ba kowa a shagon, amma na faɗa da ƙarfi: a wayar shiga za ta nuna da yawa, a wayar fita za ta nuna kaɗan ko ba komai. Na kunna. Na maƙala a ta shiga, na duba. Na maƙala a ta fita. Lamba ɗaya, ko ɗigo ba ta ragu ba. Na ce ƙwan ne ƙarami, na sa dutsen guga. Haka. Na ce mitar ce ta tsufa, na aro ta wani. Haka dai.

Mitar nan shekara goma sha biyar tana rataye a ƙusa a gabana, ban taɓa maƙala ta a wayar fita ba, domin me zai kai ni auna abin da na riga na sani? Sau biyu a rayuwata wayar fita ta ja ni har na ga taurari, duka biyun na zagi wanda ya yi wayarin gidan na wuce. Ashe gaya mini ake yi, ban saurara ba.

Abin da ya rage mini shi ne, in ba wutar ƙwan ke ci ba, me yake ci har yake zafi? Kwana uku ina juya wannan. Rannan ina kallon tela ta taga yana taka kekensa, sai idona ya tsaya a kan bel ɗin. Yana hawa sama, yana saukowa, bai ragu da ko zare ɗaya ba, amma allura tana ta aiki, tela kuma yana gumi. Na ce to, wutar ce bel, tana zagayawa cikakkiya, abin da ake ci ƙarfin mai turawa ne. Testa kuwa ashe turawar take nuna mini, ba gudun ba. In na sake kuskure ki gyara mini. A ta uku kin yi gaskiya, 'yata, kuma ni na koya miki akasin haka kina ƙarama, ban san a ina kika zubar da shi ba.

Daga nan na ce bari in haɗa sauran da kika soke, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya cinye makonnin. Huɗu na haɗa, duka ke ce da gaskiya. Sai na zo ta sha huɗu.

Tocila, ɗauko zanenki ki sa yatsa. Ki taso daga batir, ki ratsa ƙwai na farko. Kafin ki shiga na biyu akwai layin da ya balle ya yi sama, ya tsallake ƙwan, ya sauko a bayansa ya haɗe. Ina jin akwatin da za ki sa sunan ƙwan kika so zanawa, hannu ya zarce ya taɓa wayar gaba da baya. Amma abin da ke kan takarda waya ce, kuma wuta ba ta san abin da kika yi niyya ba. Ta samu hanyar banza, me zai kai ta cikin ƙwai? Na haɗa shi daidai yadda kika zana. Na farko ya haska fiye da ƙima, na biyu ko ɗumi bai yi ba.

Ba don ƙwai na farko ya cinye wuta na zaɓi wannan amsar ba. Don na bi layin da yatsa ne. Kin ga kuskurena a ta uku, sai kika ɗauka shi ne ya biyo ni har nan. Yaran nan tara da kika sa a rahoto, ki tambaye su dalilinsu. Mai tabarau ɗin nan da kika kora, ina jin ta fi mu ido ni da ke.

Ga allon da na haɗa na ba direba, cikin kwalin fanka, na naɗe shi da tsohon zanen Ummanki. Batiran sabbi ne. Ban aiko don in rama ba. Na ga ranar kwamitinku ta matso, gara ki ji daga bakina.

Kawunki

*

Lahadi, 18 ga Mayu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma, na gode wa Allah da gwiwar ta yi sauƙi. Mu ma lafiya. Kwalin ya iso ba abin da ya fashe.

Bari in fara da layin nan. Abin da nake nufi shi ne da ban jawo ka cikin rigimar ofishinmu ba, da ban sa ka a bakin mutane ba. Haka na gaya wa kaina lokacin da nake rubutawa. Amma da na karanta wasiƙarka na zauna na binciki zuciyata, na tarar abin da ka ji ma yana ciki. Na ji kunyar sha ɗayan nan. Na so in shiga ɗakin kwamiti da ashirin ɗinka a hannu in ajiye a gaban shugaban sashe. Da kai nake taƙama, amma kaina nake nema wa girma. Ka yafe mini wannan, ya fi jan biron nauyi.

Na ɗauko zanen na sa yatsa. Layin yana nan, ɓaro-ɓaro. Ni na zana shi da hannuna, na buga kwafi kusan ɗari uku, na duba takardu sau biyu, ban gan shi ba, domin tun ranar da na huda takardar amsa ban sake kallon tambayar ba. Huji nake kallo.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kwana biyu ina shawarar in cire ta sha huɗu a shiru, in sake buga shafin rahoton, in ce gyaran rubutu ne. Ba wanda zai lura. Abin da ya hana ni shi ne kai a shago kai kaɗai, kana faɗa wa bango abin da mita za ta nuna.

Ranar Talata ina da lacca. Na roƙi shugaban sashe ya zo ya zauna, ya zo ya zauna a gefe da takardunsa. Na ɗora allonka a kan tebur, na zana ta sha huɗu a babban allo yadda take a takarda. Na ce kowa ya rubuta abin da zai faru da dalilinsa, ba mai taɓa makunni sai an faɗa. Da na ce masu cewa haskensu ɗaya su ɗaga hannu, ɗakin ya cika da hannuwa. Masu cewa na biyu zai mutu, hannu huɗu ne, su ma a rabin hanya. Sauran biyar ɗin na riga na koya musu su daina yarda da idonsu.

Na ce, "Ni ma zan faɗi tawa. Takardar amsata ta ce haskensu ɗaya, kuma da ita na ba ku maki." Sannan na kunna.

Na farko ya haska, na biyu shiru. Na kira mai tabarau, ta sauko, ta sa yatsa a allo ta bi layin, ta ce, "Malama, nan wutar ta bi, ba ta shiga ƙwan ba." Na ce ta yi gaskiya, ta zo ofis ta gaya mini na kore ta, kuma ina ba ta haƙuri a gaban kowa, ita da sauran takwas.

Bayan an watse shugaban sashe ya zo ya tsaya a kan allonka. Ya kashe, ya kunna, ya bi wayar da yatsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ma ranar da na kai masa takardar ya gwada ta a ofis, kuma haskensu ɗaya ya zaɓa.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Ban samu abin da na nema ba. Sun ce gwajin ba zai shiga bana ba, sai an sake duba kowane zane, mutum biyu daban, sai kuma na tattauna da ɗalibai baki da baki na ji dalilansu. Sun ce a ƙara layi a ƙarƙashin kowace tambaya inda ɗalibi zai rubuta abin da ya sa. Na amince nan take, domin wani mai naɗin fanka ya gaya mini haka tun watan Fabrairu. Na ji zafin jinkirin, amma na san daidai ne.

Ana shirin tashi shugaban sashe ya ce, "Ina takardar kawun?" Tana wurinka, amma na faɗa musu da bakina. Na ce sha ɗaya na ba ka, sha biyu ne hakkinka, kuma cikin duk waɗanda suka riƙe takardar nan, da masu digiri da marasa shi, kai kaɗai ka tashi ka haɗa ka gani. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Ya roƙi a bar allonka a ɗakin gwaje-gwaje, na ce sai na tambayi mai shi.

Maganar bel ɗin tela daidai take, ba abin da zan gyara. Na riga na sace ta, da ita zan buɗe darasin baɗi.

'Yarka,
Tocila

*

Litinin, 26 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Tocila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ummanki ta sa na karanta mata wurin mai tabarau sau biyu, ta share hawaye, sannan ta ce a dawo mata da zanenta.

Maganar yafiya ta wuce, kada ki sake tayar da ita. Allon su riƙe, amma ki gaya wa shugaban naku a riƙa cire batir in an gama. Tela kuma ya ji labarin bel ɗinsa ya shiga jami'a, tun ranar ba a iya magana da shi.

Ga takardata na sake aikowa. Ki gyara mini makina, sha biyu, da jan biron nan dai, kamar na kowa.

Saura ta sha bakwai. Wayoyi biyu gefe da gefe, wuta na gudu a cikinsu ta fuska ɗaya. Ni na ce za su ture juna, ke kin soke kin ce za su jawo juna. Na haɗa ta da siraran wayoyi biyu da batirin mota, tana kan benci na rufe da ƙyalle. Har yanzu ina kan bakana, kuma na faɗa da ƙarfi, tela shaida ne.

Ban kunna ba. Ummanki ta ce hutunku saura mako uku. Ki zo ki faɗi taki a gabana, sannan ki sa hannu ki kunna mana.

Kawunki